Gonar Rogon da Kaka Bai Sa a Littafinsa Ba

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Kaka a gidanmu da ke Tudun Wada, a Gusau, kuma a kwana ukun nan na sha ƙarya har ta ishe ni. Ba ƙaryar mugunta ba ce, irin wadda ake lulluɓa wa mamaci ce tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Tagar ɗakina tana kallon ƙofar gida inda aka shimfiɗa wa maza tabarmi, saboda haka duk wanda ya yi addu'a ya shafa, ya gyara zama ya fara ba da nasa labarin, a kunnena yake zubawa.

Wani ɗan kasuwa ya ce Kaka bai taɓa ɗaga wa ɗan Adam murya ba. Sai da na toshe baki da mayafi, domin mutumin nan ko kaji ba su tsira daga tsawarsa ba. Wani direban tashar Bungudu ya ce bai taɓa ganin mai haƙurinsa ba, alhali a gabana Kaka ya taɓa shaƙe wuyan rigar direban nan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani tsohon soja ne da aka ɗauko daga Tsafe a bayan babur, kunnensa ɗaya ba ya ji.

"Namiji ya tahi," in ji shi. "Mutum biyar a bakin gada, shi kaɗai da bindiga guda. Ku ɗiyan yanzu kun san mi aka nuhi da haka?"

Aka yi ta jinjina kai. Shi tsohon bai taɓa zuwa ko kusa da gadar ba, a littafin Kaka ya karanta kamar kowa.

Baba, wanda shi ne ɗan farin Kaka, in aka tambaye shi abin da ya yi ajalin tsohon sai ya ce tsufa ne, ya faɗi ya bugu. Waɗanda suka yi masa wanka sun ga kafaɗarsa, sun san faɗuwa ba ta barin irin wannan shaida, amma su ma tsufa suka ce. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zauna a ƙuryar ɗaki tana jan carbi, ba ta kallon idon kowa. Ɗanta kuwa, abokin wasana, yana can ƙarshen tabarma ya dunƙule, ko ruwa aka miƙa masa sai ya kau da kai.

Ni kuma ina zaune da wani nauyi da ba wanda ya sani. A shagona na buga takardu, cikin aljihun tebur, akwai shafi huɗu da Kaka ya faɗa mini da bakinsa na buga a kwamfuta. Ya sa na yi masa alkawarin zan sake buga tsohon littafinsa in saka su a ciki. Shafukan nan sun ƙaryata labarin gada daga farko har ƙarshe. In na fitar da su na tona asirin mamaci a idon duniya, in na ɓoye su na ci amanarsa. Dalilin wannan rubutu ke nan, don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da wani mutum dabam a ce shi ne.

Kofur nake ce masa, muƙamin da ya bar soja da shi ke nan, shi kuma yana ce mini uwargida. Tsakanin jika da kaka ba kunya, mu kuwa mun wuce gona da iri. In ya shigo da safe ya tarar muna kwance sai ya buga sanda a ƙofa ya ce, "Ku miƙe, ba ku mutu ba." In magana ta ishe shi, ko da baƙo ne a gabansa, sai ya ce, "An tashi fareti," ya kaɗe rigarsa ya bar wurin. Bargonsa a ninke yake kullum, kusurwa huɗu daidai. Takalmin roba ma sai ya goge shi kafin ya tafi masallaci. Na sha ce masa da ya ba ni rabin kulawar da yake ba takalmin nan da ban yi tunanin yaji ba, shi kuma ya ce takalmin bai taɓa mayar masa da magana ba.

Abu biyu ne a halinsa da muka ɗauka rigimar tsufa ce. Na farko, ba ya cin rogo. Ko dafaffe da ƙuli, ko gari, ko an ɓoye shi a cikin wani abu, sai ya ture kwanon. In ana gasa shi a tsakar gida, fita yake yi. Na ce masa girman kai ne na wanda ya taɓa cin abincin gwangwani, bai tanka ba, kuma Kaka bai saba barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Na biyu, ba ya iya ganin abu a ɗaure. Rikicinsa da direban Bungudu ke nan. Mun zo shiga mota ya ga an ɗaure akuyoyi ƙafa huɗu wuri guda da robar taya, an cusa su ƙarƙashin kujera suna kuka. Ya ce a sassauta, direban ya ce ba ruwansa. Kaka ya cakumi wuyan rigarsa, tsoho da shi, sai da mutane suka shiga tsakani. Daga baya ya durƙusa da kansa ya kwance robar, ya riƙe igiyar akuyoyin a hannu har muka sauka. Ragon layya ma ba ya tsayawa in za a ɗaure shi, maƙwabci yake miƙa wa wuƙa ya shige ɗaki. Mutane suka ce hannunsa ne ke rawa.

Littafin kuwa ƙarami ne, mai koren bango, wata ƙaramar maɗaba'a ta buga shi a Gusau tun ba a haife ni ba. Tarihin zamansa ne a soja lokacin yaƙin basasa: yadda suka bar gida shi da amininsa ɗan Tsafe, horo, jirgin ƙasa, ruwan saman kudu da ba ya ɗaukewa. Yawancinsa gaskiya ne, har da ban dariya. Amma ba wanda yake tuna waɗannan. Shafi na ashirin da takwas kowa ya sani, inda ya ce bayan an kashe amininsa ya tsaya shi kaɗai a bakin gada ya harbe sojojin abokan gaba biyar. A ƙauyenmu da ke bayan Kekun Waje har waɗanda ba su iya karatu ba sun haddace wurin. Kwafi ɗaya ya rage mana, ƙarfen da aka ɗinke shi da shi ya yi tsatsa ya ci takardar.

Sai masifar nan ta zo mana. 'Yan bindiga suka shigo ƙauyen da hantsi, lokacin girbi, mutane suna gona. Sun ƙone rumbuna, sun kora shanu, sun harbi duk wanda ya ruga. Mijin Gwaggo a gonarsa suka same shi, suka kwantar da shi a kan damin geron da ya gama ɗaurewa suka yanka shi. Ɗansa ne ya ɗauko gawar a amalanke, kan yana lilo, sai da ya tallafe shi da hularsa. Bayan wannan muka kwaso Kaka da Gwaggo zuwa Gusau. Ɗan Gwaggo ya ƙi zuwa, ya sami bindigar gida ya shiga 'yan sa-kai.

A nan zan faɗi nawa laifin. Wata rana ɗan Gwaggo ya zo shagona ya ce in yi masa kwafin littafin Kaka, samarinsu suna so su riƙa karantawa kafin su fita sintiri. Na yi masa, da hannuna, ina alfahari. Har na ƙara wa shafi na ashirin da takwas baƙi don ya fito sosai.

Bayan 'yan watanni Kaka ya je ƙauyen ranar kasuwa don ya duba gonarsa. Ya dawo da la'asar, bai ci abinci ba, bai goge takalmi ba. Washegari da safe sai ga shi a shagona. Ya rufe ƙofa, ya zauna a benci, ya ce in kashe rediyo.

Abin da ya gani ya fara faɗa mini. Wani makiyayi ya shigo kasuwa sayen kanwa. Wani ya ce ya gan shi a cikin maharan, wani ya ce ba shi ba ne, ba wanda ya tsaya bincike. Samarin suka ɗaure masa hannu ta baya da robar babur, suka ja shi bayan rumfar mahauta, suka rufe shi da gora da adda. Kafin Kaka ya ratsa taron da sandarsa, kan mutumin ya fashe, kanwar ta watse a cikin jini. Kaka ya ga jikansa ɗan Gwaggo a cikinsu, ya ɗaga sanda ya zabga masa a baya, yana zaginsa. Ɗan Gwaggo ya juyo, adda a hannu, ya ce masa:

"Kaka, kai ma da anka kashe maka aboki biyar kak kashe. Ni ubana anka yanka. Guda nik kashe."

Kaka ya maimaita mini wannan magana yana kallon ƙasa. Sannan ya ce in kunna kwamfuta.

Na ce, "Kofur, in wasiyya ce ka kira Baba mana."

Ya ce, "Ubanki ɗan fari na, ko sunanshi ban kira. Ta ina zan dube shi in hwaɗa mishi wanga abu? Ke ko ba ki da kunya, ni ma ban jin taki. Buga."

Safiya uku muka yi. Ga abin da ya faɗa, a taƙaice.

Gaskiya ne an yi musu kwanton ɓauna a bakin gada da sassafe. Gaskiya ne amininsa ya mutu, harsashi ya buɗe masa ciki, Kaka ya tare hanjin da hularsa yana mayarwa suna fitowa, mutumin yana roƙon ruwa har ya cika. Amma waɗanda suka yi harbin sun tsere, Kaka bai ga fuskar ko ɗaya ba. Da rana tsaka suka ci karo da mutum uku a wata gonar rogo, sun tono rogo sun tara, ba su da ko wuƙa sai fartanya. Aka ɗaure musu hannu ta baya da zannuwansu. Sajan ya ce Kaka ya tsare su har ya dawo, za a yi musu tambayoyi. Aka bar shi da su shi kaɗai, jinin amininsa bai bushe a rigarsa ba.

"Babbansu ya yi sa'ar ubana," in ji Kaka. "Bai jin Hausa, ni ban jin nashi. Da yag ga idona, sai yaj juya mini baya yab buɗe tafin hannunshi, a ɗaure, don in gani. Kanta ce ta fartanya, uwargida. Irin ta ubana, wuri guda. Na gane abin da shika hwaɗi sarai. Manomi na, ba soja ba."

Na ɗaga hannu daga kwamfuta. Ya ce in ci gaba.

Ya harbi tsohon a baya, a daidai saman hannuwan. Na biyu ya faɗi a kan tarin rogon. Na uku matashi ne, harsashin ya same shi a wuya bai mutu ba, yana shure-shure yana wani irin gurnani, sai Kaka ya ƙarasa shi da wuƙar bakin bindiga, sau biyu, don na farko ya tsaya a ƙashi. Da sajan ya dawo Kaka ya ce masa gudu suka yi niyyar yi. Ba wanda ya umarce shi, wannan ya sa na rubuta sau biyu. Da yamma yunwa ta dami sojoji, suka ɗauraye rogon suka gasa, shi ma ya ci.

Da ya dawo gida aka taru ana tambayarsa ko ya rama wa ɗan Tsafe. Ya ce ya rama. Aka ce nawa, ya ce uku, a bakin gada. Shekara ba ta zagayo ba suka zama biyar, kuma duk da bindigogi. Na tambaye shi ko malamin makarantar da ya taya shi rubutun ne ya ƙara gishiri. Ya ce kada in ɗora wa bawan Allah, shi ya ba shi da bakinsa.

Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma na ji ƙyamarsa a ranar. Mutumin da ya goya ni, ya koya mini karatun agogo, ga shi zaune da hannun da ya yi wannan. Ya ga fuskata bai ce in yi haƙuri ba. Sai ya shiga ba ni umarni kamar wanda ya daɗe a maɗaba'a. Bangon ya zama kore kamar na da, don in samarin sun gani su ɗauka. Kada in goge ƙaryar. In bar ta a shafinta a hannun hagu, yadda take, in sa gaskiyar ta fara a hannun dama, suna kallon juna. Wanda ya buɗe don ya karanta gada, idonsa zai faɗa kan gonar rogo ko yana so ko ba ya so.

"In kin cire ta za su ce wani yac canza littahin," in ji shi. "Bar ta su ga ni nir rubuta duka biyu."

Ban kai ga bugawa ba. Ina ta ja da baya, yau in ce injin maɗaba'ar da nake kai aiki ya lalace, gobe in ce takarda ta yanke. Shi ma ya gane, yakan dube ni ya ce, "Uwargida, ba ki mutu ba dai."

Ranar da abin ya faru ina tare da shi, domin ya matsa sai ya koma kasuwar ƙauyen, ni kuma na ce ba zai tafi shi kaɗai ba. Muna rumfar masu hatsi muka ji hayaniya. An kuma kama wani, dogo siriri, an ɗaure masa hannu da roba, goshinsa ya riga ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ana jansa zuwa bayan mahauta. Ban san Kaka yana da sauran sauri irin wannan ba. Ya fizge daga hannuna, ya kutsa, ya zauna daɓas a ƙasa jikin mutumin. Ya warware rawaninsa ya ɗaura gefe ɗaya a damtsen mutumin, ɗayan a nasa.

"To bismilla," ya ce. "Mu biyu na."

Ɗan Gwaggo ya riga ya ɗaga gora. Na tabbata ba Kaka ya nufa ba, kan mutumin ya nufa. Kaka ya karkata ya tare da kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake, kamar an karya busasshen kara.  Gorar ta faɗi daga hannun ɗan Gwaggo. Kaka yana kwance a gefe, bakinsa da jini, ya sa hannunsa mai lafiya yana ta fama da robar nan har wani dattijo ya durƙusa ya yanke ta. Mutumin ya tashi yana tangaɗi ya bi ta cikin rumfuna, ba wanda ya bi shi. Kaka ya dubi samarin ya ce, da ƙyar, "An tashi fareti."

A mota ya gargaɗe ni, duk wanda ya tambaya faɗuwa ya yi. An ɗora ƙashin, amma wani haƙarƙari da ya karye ya taɓa huhu, ga shekaru. Kwana tara ya yi. Ranar ƙarshe, bayan la'asar, ya kama yatsana ya ce, "Koren bango." Na ce na ji, Kofur. Bai ƙara magana da ni ba sai kalmar shahada da Baba yake laƙƙana masa.

Bayan sadakar uku na sami Baba a ɗakinsa da shafukan a hannu. Ya ƙi karɓa, sai na faɗa masa da baki, ina kallon tabarma. 

"Allah ya ruhwa mishi asiri shekara da shekaru," in ji shi. "Ke ce za ki buɗe, yanzu da ba shi iya kare kanshi? Ya tuba, tsakaninshi da Ubangijinshi na. An hore mu da ambaton alherin matattu. Ki ƙone su."

Ba zan ce Baba bai da hujja ba, hujjarsa ta fi tawa tsari. Ban ƙone ba, amma na mayar da su aljihun tebur na kulle, na ce wa raina wataƙila rufin asirin shi ne alherin da ya rage in yi masa.

Ana saura mako guda sadakar arba'in ɗan Gwaggo ya shigo shagona. Ya rame, idonsa ya faɗa. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ban tsokane shi ba, ranar kuwa ko gaisuwa da ƙyar. Ya ce shi da abokansa suna so a sake buga littafin Kaka a raba ranar addu'a, don mutane su tuna ko wane ne shi.

"Su tuna da shi sadda shike da ƙarhinshi," ya ce. "Abin ga da yay yi a kasuwa, kowa ya san ruɗewa ta. Tsuhwa ya taɓa mishi kai. Kakan gada shi na Kakanmu."

A nan na gane abin da shiruna zai saya. Abu ɗaya da Kaka ya yi da cikakken hankalinsa, wanda ya biya da ransa, shi za a kira gigin tsufa, ƙaryar kuma ta ci gaba da yawo a aljihun masu gora. Raina ya ɓaci. Na ce masa ya zo ranar da safe ya ɗauka, kuma akwai ƙarin da Kaka ya yi kafin ya rasu. Ya ce duk abin da Kaka ya ƙara alheri ne.

Ban yi a ɓoye ba. Na durƙusa gaban Baba na ce zan buga. Bai zage ni ba, bai yi mini baki ba. Ya ce in na buga kada in shigo masa da shi ɗaki, ya juya ya ci gaba da lazimi. Kwana shida bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Na ɗauki hoton tsofaffin shafukan ɗaya bayan ɗaya, har da tabon tsatsar, na jera sababbin a inda ya ce. Na zaga kasuwa sai da na sami koren kwali irin na da.

Ranar arba'in ina bakin tagata. An yi addu'a an shafa, aka kwance ƙunshin littattafan aka fara miƙawa. Ɗan Gwaggo ya miƙe tsaye ya ce zai karanta wa jama'a wurin da kowa ya sani. Ya karanta gada da murya mai ƙarfi, rabi da ka, tsohon sojan Tsafe yana cewa haka ne. Da ya kai ƙarshen shafin idonsa ya tsallaka dama, ya ci gaba, don a gaban mutane yake kuma bai san abin da ke tafe ba. Muryarsa ta fara raguwa a wurin fartanya. Da ya kai inda tsohon ya juya baya ya buɗe tafin hannunsa a ɗaure, sai ya tsaya.  Ba mai tari, ba mai gyara zama.

Sai na ji muryar Baba. "Miƙo nan."

Na ɗauka rufewa zai yi ya sallami mutane. Sai ya sa tabarau, ya nemi layin da aka tsaya, ya ɗora daga nan. Ya karanta harbin, ya karanta wuƙar, ya karanta rogon da aka gasa, bai tsallake kalma ba, har inda Kaka ya ce ba wanda ya umarce shi, sau biyun. Abin da uban bai iya faɗa wa ɗan farinsa ba, ɗan farin ne ya faɗa wa unguwa. Da ya gama ya rufe littafin, ya ce wa liman a ƙara addu'a guda, akwai mutum uku da suke bin mahaifinsa jini.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Wasu sun bar nasu kwafin a kan tabarma, na tsinci ɗaya a kwata. Tsohon sojan Tsafe ya ce sharrin kwamfuta ne. Gwaggo har yau ba ta yi mini magana, kuma ban ga laifinta ba, mijinta aka yanka. Ɗanta ya koma ƙauye a ranar bai yi wa kowa sallama ba. Ban sani ba ko ya ajiye gorar. Abin da na sani, ya tafi da littafin a aljihu, kuma da na je share ƙofar gida ban ga nasa a cikin waɗanda aka bari ba.

Kofur, na buga, koren bango, ƙarya a hagu. Na yi maka jinkiri, ka yafe wa uwargidanka. Allah ya jiƙanka, ya karɓi kafaɗar nan da ka tara. Mutum ukun gonar rogo kuwa, ba mu san sunansu ba, ba mu san garinsu ba, ba wanda ya taɓa zuwa yi wa iyalansu gaisuwa daga wajenmu. Ranar da za ka tsaya gabansu hannuwansu a kwance, Allah ya sanyaya zukatansu su yafe maka.